Wane gurami ne zai zauna lafiya da sauran kifayena?

Wata baiwar Allah, malamar makaranta da ke zaune a unguwar Rikkos a Jos, ta rubuto mana cewa: “Muna da akwatin gilashi na kifin ado a falo, tsawonsa santimita 80, faɗinsa 35, tsayinsa 40. A ciki akwai tetra 8, da gupi 6, da ƙananan koridoras 5, kuma duk suna zaune lafiya. Watan jiya autana ya nace sai na sayo gurami shuɗi guda biyu, mai shagon kuma ya ce mini duk gurami masu sanyin hali ne. Ba a daɗe ba ɗayan ya riƙa korar ɗan'uwansa har ya daina cin abinci ya mutu, daga nan ya koma kan gupi, biyu suka mutu da wutsiya a yayyage. Yaron ya yi ta kuka, maigida kuma ya ce a daina asarar kuɗi, a kyautar da akwatin kowa ya huta. Shin akwai gurami mai zaman lafiya da gaske, ko in haƙura?”

Malama, sannu da wannan ɓacin rai, kuma a gaishe mini da autan naki. Akwai gurami mai zaman lafiya, kuma akwatinki ya isa ya ɗauke shi, sai dai ba wanda aka sayar miki ba ne. Maganar da mai shagon ya yi miki ba daidai ba ce, domin sunan gurami ya tattara kifaye iri-iri da asalinsu yake kudanci da kudu maso gabashin Asiya, tun daga wanda bai wuce santimita 4 ba har zuwa ƙaton da ake kiwonsa don miya a Indonesiya, wanda yakan kai santimita 70. Halinsu ya bambanta kamar yadda girmansu ya bambanta, don haka wanda zai saya sai ya san nau'in, ya san namiji ne ko mace, ya kuma san girman da kifin zai kai idan ya gama girma, kafin ya kalli kyan launinsa.

Shuɗin da kika saya, bisa abin da kika bayyana, shi ne wanda masana suke kira Trichopodus trichopterus. Ana gane asalinsa da ɗigo biyu baƙaƙe, ɗaya a tsakiyar jiki ɗaya a gindin wutsiya, amma masu kiwo sun fitar da shi a launuka da dama, akwai shuɗi, akwai mai ruwan zinariya, akwai mai dabbare-dabbare, kuma dukkansu kifi ɗaya ne da hali ɗaya. Wannan yana da muhimmanci ki riƙe, domin idan kika koma shago kika ce ba kya son shuɗi, abu ne mai sauƙi a miƙo miki mai ruwan zinariya a ce wani iri ne daban. Yakan kai santimita 12 zuwa 15, kuma yana ƙarami ba ya nuna halinsa, sai ya balaga namijin ya zaɓi wani sashe na saman ruwa ya ce nasa ne. Ina kyautata zaton maza biyu aka ba ki, kuma zakara biyu a ƙaramin akurki ɗaya sai ɗaya ya kwanta. Ki duba fiffiken bayan wanda ya rage: idan dogo ne mai tsini yana miƙewa zuwa wutsiya, namiji ne, idan kuwa gajere ne mai zagaye, mace ce. Gupi kuma sun shiga tsautsayi ne saboda su ma a saman ruwa suke yawo, ga doguwar wutsiya mai launi da ke jan hankalin namijin da yake tsaron wurinsa.

Dalilin wannan tsaron wuri yana cikin halittar kifin. Gurami yana da wata gaɓa a cikin kansa da yake shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa za ki ga yana hawowa sama lokaci zuwa lokaci yana buɗe baki. Tarwaɗarmu ma tana da irin wannan baiwa ta shaƙar iska, abin da ya sa take daɗewa a faranti a kasuwa ba ta mutu ba. A yawancin nau'o'in gurami namiji ne yake gina sheƙa ta kumfa a saman ruwa, ya jera ƙwai a ciki, ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe, kuma a wannan lokaci yakan kori kowa, har da macen da ta yi ƙwan. Saboda haka babu namijin gurami da ba ya kora ko kaɗan, bambancin shi ne wani yana kora ne na taku kaɗan ya dawo, wani kuma ba ya bari sai ya ga bayan abokin gabarsa.

Wanda nake ba ki shawara ki nema shi ne gurami mai ruwan zuma, wanda masu shago suke ce wa honi gurami, sunansa na kimiyya kuma Trichogaster chuna. Ki rubuta wannan suna a wayarki ki nemi hotonsa kafin ki fita daga gida. Asalinsa tafkuna da ramukan ruwa masu ciyayi ne na Indiya da Bangaladash, girmansa bai cika wuce santimita 5 ba, bakinsa ƙarami ne, kuma a cikin gurami da ake samu a kasuwa ban san wanda ya fi shi kunya da kawar da kai ba. Ko lokacin da namijin ya gina sheƙarsa, iyakarsa ya tsare kusurwa ɗaya, sauran akwatin ya bar wa jama'a. Idan aka yi lissafin ma'aunin da kika bayar, akwatinki yana cin lita 112, idan aka cire yashi da duwatsu da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki zai kusa lita 95, kuma wannan ya wadatar da namiji ɗaya da mata biyu tare da kifayen da kike da su yanzu. Na ce mata biyu ne domin kada hankalin namijin ya tattara a kan guda ɗaya ya hana ta sakat.

Akwai wahala ɗaya wajen sayensa, kuma ita ce take sa mutane su wuce shi. A akwatin shago, inda babu tsiro babu wurin ɓuya, kifin yakan koɗe ya zama fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske, har yaro ya ce wannan ba shi da kyau. Launinsa na gaskiya ba ya fitowa sai ya natsu a gida na wasu makonni, a nan ne namijin zai rine ya koma ruwan zuma mai ɗan ja, fiffiken bayansa ya yi rawaya, maƙogwaronsa da ƙasan cikinsa su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi idan yana neman mace. Macen ba ta da wannan ado, ta fi kama da ruwan toka ko ruwan ƙasa, da layi mai duhu tun daga ido har wutsiya. Akwai kuma wanda masu kiwo suka fitar mai rawaya tas, shi ma halinsa ɗaya. Abin da za ki kula da shi shi ne wani jan kifi da akan sayar da sunan jan honi, alhali sau da yawa wani nau'i ne mai kaurin leɓe daga ƙasar Bama, wato Myanmar, Trichogaster labiosa, wanda yakan kai santimita 9. Ba mugu ba ne, amma ya fi na zuma girma da ƙarfin hali, kuma ba shi kika je nema ba. Ya kamata ki yi wa autan bayanin wannan tun a gida, ki nuna masa hoton yadda kifin zai koma, domin kada ku je shago ya sake kafewa a kan wanda ya fi ƙyalli.

Wanda zai fi ɗaukar idon yaro kuwa na san shi, shi ne ɗan gajeren nan mai ratsin ja da shuɗi, Trichogaster lalius, wanda ake kira duwaf gurami. Kyakkyawa ne ƙwarai, kuma littattafai da yawa suna lissafa shi cikin masu zaman lafiya, amma ni ba zan ce ki saye shi ba. Na farko, kusan duk waɗanda ake kawowa shago maza ne, saboda macen ba ta da launin da zai sa a saye ta, kuma maza biyu a akwati ɗaya za su maimaita miki abin da kika riga kika gani. Na biyu, wanda ya fi damuna, akwai wata cuta ta ƙwayar bairus, daga dangin da ake kira iridobairus, da ta yaɗu a cikin wannan nau'i a gonakin da ake kiwonsa da yawa don sayarwa, kuma ba ta da magani. Kifin yakan zo da kyansa, bayan wasu makonni ko watanni ya daina cin abinci, launinsa ya dushe, cikinsa ya kumbura ko gyambo ya fito masa, ya mutu. Yaron da ya riga ya yi kuka sau uku bai kamata a sake jefa shi cikin wannan caca ba.

Akwai na biyu da nake yabawa, mai ɗigon lu'ulu'u, Trichopodus leerii, ɗan asalin fadamun Tailan da Malesiya da tsibiran Sumatra da Borniyo. Jikinsa cike yake da fararen ɗigo kamar an yayyafa masa, da baƙin layi a gefe, namijin kuma ƙirjinsa yakan yi ja kamar lemo ya nuna. A ganina shi ne mafi kyau a cikinsu duka, kuma duk da cewa ɗan'uwan shuɗin da ya yi miki ɓarna ne na kusa, halinsu ya sha bamban. Sai dai yakan kai santimita 12, kuma akwatinki yana kan iyakar abin da zai iya zama a ciki ne. Da tsawon ya kai mita ɗaya, da na ce ki ɗauki namiji ɗaya da mata biyu ba tare da shakka ba. A santimita 80 kuwa, idan kin rasa na zuma a Jos kuma ba ki sami wanda zai kawo miki daga Abuja ko Legas ba, kina iya ɗaukar guda ɗaya tak, zai zauna lafiya.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Farin nan mai ɗan ruwan hoda da yake haɗa baki da ɗan'uwansa, wanda mutane suke sha'awa suna cewa sumba suke yi, gwajin ƙarfi ne suke yi, kuma yakan kai santimita 30. Mai ruwan cakulan yana son ruwa mai laushi da ɗan tsami wanda sai gwani ne yake iya tanadar masa. Kifin faɗan nan na Tailan da ake kira beta, wanda akan sayar a ƙaramar kwalba, danginsu ɗaya da gurami, don haka kada ki haɗa su. Haka kuma kada ki ƙara da taiga bab, mai ratsin baƙi kamar damisa, domin gurami yana da zare biyu dogaye a ƙarƙashin ƙirjinsa da yake lalube da ɗanɗana abubuwa da su, shi kuwa wancan ba shi da aiki sai cizge su.

Kafin ki sayo komai, dole shuɗin da ya rage ya fita. Ki mayar wa mai shagon, ko ki musanya shi, ko ki ba wani mai babban akwati da manyan kifaye, amma kada ki sa rai zai shiryu, domin duk ƙaramin guramin da kika zuba masa zai ɗauke shi abokin gaba tun ranar farko. Kada kuma a zuba shi a rafi ko a kududdufi, saboda baƙon kifi yana iya kai wa na gida cuta. Bayan ya fita ki bar akwatin ya huta na mako biyu, ki ga wutsiyar gupin da suka rage ta fara tohowa, ba ta yi fari-fari kamar auduga ba.

A wannan hutun ne za ki gyara wurin, domin ko kifi mai sanyin hali yakan canza idan aka ajiye shi a fili fetal. Gurami yana son inuwa a sama da ruwa mai tafiya a hankali. Ki dasa tsire-tsire dogaye a baya da gefe, yadda kifi zai iya shiga ya ɓace wa wanda yake binsa, sannan ki sa masu yawo a saman ruwa. Kainuwa tana yin wannan aiki sarai, saiwoyinta da suke reto ma wurin ɓuya ne ga 'ya'yan gupi, amma kada ta rufe fiye da rabin fuskar ruwan, domin kifin yana buƙatar inda zai hawo ya shaƙi iska. Idan daga kududdufi za a ɗebo miki ita, irin waɗanda haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru, ki wanke ta sosai ki ajiye ta a bokiti daban na mako biyu ko uku, domin takan zo da ƙwan katantanwa da tsutsar mazari, wadda take cin ƙananan kifaye. Idan filtarki, wato na'urar tace ruwa, tana watso ruwa da ƙarfi, ki juya bakinta ya fuskanci gilashi, saboda na zuma ba gwanin iyo ba ne a ruwa mai gudu, kuma igiyar ruwa tana rushe masa sheƙa.

Abin da ya fi faɗan kifi haɗari a garinku shi ne sanyi, kuma wannan ne mai shago ba ya cika faɗa. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma kin fi ni sanin yadda dare yake a Disamba da Janairu. Waɗannan kifaye 'yan ƙasar zafi ne, gurami ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28, tetra da koridoras kuma sun fi son ƙasa da haka kaɗan, don haka ki tsayar da ruwan a digiri 25, kowa zai samu. Wanda yake Abuja yana iya shekara bai kunna hita ba, amma ke kina buƙatar hita mai kashe kanta idan zafi ya kai, mai ƙarfin wat 100, da ma'aunin zafi da za ki riƙa dubawa da asuba, lokacin da ruwan ya fi sanyi. Ki kuma sa murfi, ki bar ɗan sarari tsakaninsa da ruwa, domin iskar da kifin zai shaƙa ta kasance mai ɗumi da laima, ba busasshiyar iskar hunturu ba. Murfin zai kuma hana ƙura sauka.

Idan aka ɗauke wuta cikin dare, ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa, don haka ki lulluɓe akwatin da bargo, idan abin ya yi tsawo ki cika gorar roba da ruwan ɗumi ki rufe bakinta ki sa ta yi yawo a ciki. Kada ki zuba ruwan zafi kai tsaye, domin canjin zafi na farat ɗaya ya fi sanyin kansa illa. Guramin zai jure tsayawar famfon iska saboda yana shaƙa daga sama, tetra kuwa ba za su jure da daɗewa ba, don haka ƙaramin famfon iska mai batir ya cancanci kuɗinsa. Akwai kuma abin da ya shafi falo musamman: maganin sauro na feshi guba ne mai ƙarfi ga kifi, kuma kaɗan ya isa. Duk ranar da za a yi feshi, ki kashe famfon iska, ki rufe akwatin ruf da zane mai kauri, kada ki buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita. Ko turaren wuta ma gara a nisanta kaskon daga wurin.

Ranar saye, ki tsaya gaban akwatin shagon na ɗan lokaci kafin ki nuna wanda kike so. Ki roƙi mai shagon ya zuba abinci ki ga wanda yake ci. Ki guji wanda ya maƙale a kusurwa da fiffike a naɗe, ko mai fararen ɗigo kamar gishiri a jiki, ko mai ramammen ciki, kuma idan akwai mataccen kifi a akwatin, kada ki ɗauki kowa daga cikinsa ko da an rage miki kuɗi. Idan kina da hali, ki ajiye sababbin a wani ƙaramin akwati ko babbar roba mai tsabta da hita da filta na mako biyu zuwa huɗu kafin ki haɗa su da na gida. Idan za ki zuba su, ki bar ledar da suke ciki ta yi yawo a saman ruwa na minti 20, ki riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ki kwashe kifin da raga ki zubar da ruwan shagon, ki kashe fitila har gari ya waye. A kwanakin farko za su ɓuya, kuma da yake gupi masu haɗama ne, ki riƙa zuba abinci a wuri biyu, ki murtsuke shi ya yi laushi saboda ƙanƙantar bakin na zuma. Abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana. Kowane mako ki canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na ciki, idan na famfo ne kuma ki sa masa maganin kashe kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo.

Game da maigida, ina ganin yana da hujja, domin ya ga kuɗi sun tafi kuma ya ga yaro yana kuka, don haka kada ki mayar da abin gardama. Ki nuna masa cewa tetra da koridoras da gupi sun zauna lafiya kafin zuwan shuɗin, wato kulawarki ba ta gaza ba, zaɓin kifi ɗaya ne ya kawo matsala. Ki nemi ya ba ki wata uku, ki faɗa masa abin da za a kashe tun daga farko, wato kuɗin hita idan babu da kuɗin kifi uku, kuma ki yi alkawarin ba za a ƙara sayen wani kifi a cikin wannan lokaci ba ko da yaro ya yi birgima a shago. Idan hunturu ya riga ya kama kuma hitar ba ta samu ba, ki fitar da shuɗin yanzu, ki dasa tsire-tsirenki, ki jinkirta sayen na zuma har zuwa watan Maris.